Jan Dutsen Ladidi a Gwangwanin Zakariya'u

Zakariya'u ya dawo daga sojan Faransa da abu biyu, ɗingishi da son ƙere-ƙere. Ɗingishin bai taɓa cutar kowa ba.

Gyaran keke yake yi a bakin kasuwar Dakoro. To keke nawa ne a garin lokacin, ba a daɗe da sauke tutar Nasara ba? Na malamin lakwal, wato makarantar boko, na jandarma, sai wani na Alhaji da ba a hawa, gogewa kawai ake yi. Zama ya yi wa Zakariya'u yawa, sai ya tuno wani Nasara mai ginan rijiyoyi da ya taɓa yi wa aiki. Wai shi Nasaran tsintar duwatsu yake a daji, ya zuba su cikin gwangwani da yashi da ruwa, inji ya yi ta juya shi, su fito suna ƙyalli kamar an shafa musu mai. Babba da shi, da gemu, wasan tsakuwa!

Zakariya'u ya ce shi ma sai ya yi. Ya samo ƙaton gwangwanin madara, ya yanka robar cikin tayar keke ya shimfiɗa a cikinsa da ƙarƙashin murfi, ya ɗora shi kan ƙarafa biyu. Sannan ya roƙi mai sabon injin niƙan da aka kawo daga Maraɗi ya bar shi ya rataya igiyar roba a jikin injin. In aka tada inji, gwangwani ya yi ta birgima yana ƙara kamar cikin mai zawo.

Da tsakuwar kwarin Tarka ya fara, kuma abin haushi, ta yi kyau. Mata masu kawo niƙa suka gani. Kafin ka ce me, kowace ta kwance duwatsun wuyanta ta miƙa masa, wai a wanke musu tsufa.

Tsohuwa Ladidi ba ta gari lokacin. Ta tafi Sabon Maci gaisuwar mutuwa, kuma ba a zuwa gidan makoki da ado, shi ya sa ta cire dutsenta ta ajiye cikin ƙwarya. Dutse ɗaya ne tak, ja, tsawon gaɓar yatsa, ya dushe don tsufa. Na uwarta ne. Bakinsa a ɓantare yake, tun ranar da uwar ta duƙa kan turmi taɓarya ta same shi. A wannan ɓantaren Ladidi take sa babban yatsa tun tana goye, har yau da ba ta da haƙori ko na rantsuwa. Abin da ya rage mata na uwarta ke nan a duniya.

Jikarta Hadizatu, matar aure mai hankali in ba a bar ta ita kaɗai ba, ta ga ƙwarya, ta ce bari ta faranta wa kaka rai, ta ɗauki dutsen ta kai wa Zakariya'u.

Ladidi ta dawo, ta ji labari, ko ruwa ba ta sha ba ta nufi wurin niƙa. Ta tarar da Zakariya'u durƙushe, hannu duk toka, gwangwani tsaye cik, igiya na ta gudu ita kaɗai.

"Kai Soja! Ina dutsena?"

"Sannu da hanya, Inna. Shina ciki, lahiya lau. Igiya ce ke zamewa. Na sa ma ƙarfe man gujiya don shi daina kuka, sai man ya taɓa igiya."

"Na tambaye ka lahiyar igiya? Buɗe!"

"Ba a buɗewa, Inna, sai lokaci ya yi. Haka Nasara ya ce."

"Nasaran ya tahi gidan ubanshi. Buɗe, na ce!"

Ya ƙi. Ya barbaɗa wa igiya toka, gwangwani ya motsa, sai ga baƙin ruwa mai kauri yana tsiyaya daga gefen murfi, ɗis, ɗis, kan ƙafarta.

"Wannan kuma mi ne ne?"

"Yoyo ne. Shi ya hana ni sakat. Tun ran da na zuba na matan nan murfin ya ƙi zama. Na liƙe da ƙaro, na ɗaure da tsumma, na buga da dutse, a banza."

"Na matan nan? Nawa ba shi kaɗai ba ne a ciki?"

Zakariya'u ya yi murmushin mai ilimi. "In suka yi kaɗan fasa juna suke, Inna. Dole a cika. Duk na unguwa na haɗa."

Ladidi ta dube shi sama da ƙasa. Sannan ta juya masa baya. Ta wuce zauren mai unguwa Abarci, ta tsaya a ƙofa ba ta ko duƙa ba.

"Abarci, ni na kama ma uwarka gwiwa ran da aka haife ka, don haka ba ni da wani ranka shi daɗe da zan ba ka. Tashi ka amso mini dutsen uwata."

Abarci ya san in bai tashi ba har sallar la'asar a kansa za ta yi. Ya aika aka ɗauko Zakariya'u da gwangwaninsa, mata masu duwatsu suka biyo baya, har da Mariama matar jandarma, wadda ta saba a ba ta wuri. Aka kwance tsumma, aka kankare ƙaro, aka ɓalle murfi aka jefar gefe. Aka juye cikin ƙwarya, aka ɗauraye.

Mata suka leƙa cikin ƙwaryar.

Duwatsun sun yi kyau, tsakani da Allah. Jajaye, sumul, suna ɗaukar ido. Kuma duk iri ɗaya. Ashe kowace mace da tabo take gane nata: wannan da tsaga, waccan da ƙuna, wata da dattin da ya zauna tun kakar kaka. Yashin Zakariya'u ya cinye tabon kaf. Shi kuwa gogan ko ƙirgawa bai yi ba da yana zubawa.

"Wancan babban nawa ne," in ji Mariama.

"Naki?" in ji wata. "Wanda kika kawo bai kai ƙwayar wake ba! Ko ciki ya yi a gwangwanin?"

Hayaniya ta kaure. Ladidi kuwa ta zauna a ƙasa, ta jawo ƙwarya, tana ɗaukar duwatsu ɗaya bayan ɗaya tana murza bakinsu da babban yatsa. Ko wanne santsi. Ta kai ƙarshe, ta sake daga farko. Hadizatu na bayanta tana sharar hawaye da bakin zane.

Abarci ya yi gyaran murya. "Inna, ke ce babba. Zaɓi wanda ya fi kyau, ba mai hana ki."

"Mi zan yi da mai kyau? Na ce maka miji nike nema? Nawa nike so, mai ɓantare."

"To ɓantaren ya tahi, Inna. Mi kike so a yi?"

"In da za a yarda," in ji Zakariya'u a hankali, "sai in ɓantare mata ɗaya da guduma."

Da ƙyar aka riƙe Ladidi.

Da ta sami numfashi ta ce, tunda ba a iya maido mata da uwarta, a ba ta gwangwanin. Ba zai ƙara cin dutsen kowa a Dakoro ba. Kaji za su sha ruwa a ciki. Zakariya'u ya yi kamar an ce a ba da ɗansa, ya fara rantse-rantse, amma Abarci ya gaji, ya ce a ba ta, har murfi.

Ta ɗauki murfin, ta ga robar nan baƙa ta kumbura a gefe ɗaya. Don haushi ta sa farce ta fizge ta. Wani abu ya faɗo kan tabarmar Abarci, ya gangara, ya tsaya.

Ja ne, dusasshe, duk laka. Tun ranar farko bakinsa mai kaifi ya kama roba ya shige ƙarƙashinta, ya yi zamansa, ko birgima ɗaya bai yi da sauran ba. Ladidi ta ɗauka, ta goge a zane, ta ɗora yatsa. Yatsan ya faɗa wurinsa.

"Allahu akbar!" Zakariya'u ya yi tsalle da ƙafarsa mai lafiya. "Ashe shi ya hana murfin zama! Yoyon ke nan! Inna, ba ni in gwada, wallahi yanzu ba ya ɗiga ko kaɗan!"

Ladidi ta zare zare daga bakin zanenta, ta zura dutsen, ta ɗaura a wuya, ta tura shi cikin riga. Sannan ta juyo.

"Dube shi. Ka amshi dutsen mutane wai za ka goge, duk wannan ƙara da ka hana gari barcin rana, ko dattin jikinshi ba ka hidda ba. Ragon banza."

Ta ɗora gwangwani a ka, ta ce wa Hadizatu ta ɗauko murfi. Suka bar Abarci da ƙwarya a gaba, mata sun kewaye shi, kowace na rantsuwa da kabarin kakarta babban nan nata ne.