Goggo Uwa da Tashar da Aka Kwashe

"Hudu, ba nan ba ne. Juya."

Karo na uku ke nan Goggo Uwa tana sa ni juya keken da nake haya da shi. Maƙwabciyata ce a Bagadaza, katanga ce kawai tsakaninmu. Shekara talatin tana sayar da shinkafa da wake a tsohuwar tasha, kafin a kwashe motocin a mayar da su can bakin gari.

"Goggo, nan ne fa. Ga bishiyar da kike zama a gindinta."

Ta leƙa. Fili ne fetal an kewaye da kwano, ga allo ɗauke da hoton gidajen benen da za a gina.

"To ina direbobin? Ina Iro mai lodin Biu?"

Wata huɗu ke nan da Iro ya koma sabuwar tasha, kuma a gabanta ya tafi.

An ba ta takardar rumfa a can. Sau biyu ina kai ta. Wani ma'aikaci ya ce layin masu abinci yana baya. Na bayan ya ce ba a gama fitar da wurin ba. Wani kuma ya ce, "Tsarin ne ya canza, Hajiya, amma ayyuka na nan zuwa, mutum dubbai za su samu."

"Dubban nan suna cin wake?" in ji Goggo.

Ya yi dariya. Ita kuwa da gaske take.

Tun daga nan kullum sai ta dafa tukunya guda, ta buga mini katanga, mu je mu yi ta zagaye tsohuwar tasha. Mu dawo, 'yarta Najiba ta raba wa maƙwabta.

Ranar Talata ban ji bugun katanga ba. Da hantsi Najiba ta shigo gidana, ko takalmi babu.

"Yaya Hudu, Goggo ta cika."

Bayan azahar muka kai ta. Iro bai samu jana'iza ba, an rufe hanyar unguwarmu saboda aikin titi, ya yi ta bulayi a lunguna.

"Jiya aka ce an buɗe layin masu abinci," ya ce da ni bayan ya yi gaisuwa. "Ko kuwa cewa aka yi za a buɗe? Wallahi ban gane ba."

Muna zaune a ƙofar gida, masu awon titi suka iso layinmu. Na gaban ya ga tabarmin zaman makoki, ya tsaya riƙe da bakin igiyar awo, yana waiwayen abokinsa.