Dokar Saki

A ɗakin da nake koyar da kokawa da kare kai, doka ɗaya ce ba na wasa da ita: in ka maƙure abokin atisayenka ya bubbuga maka hannu alamar ya sallama, to ka sake shi nan take. Wanda ya yi jinkiri, ranar sai ya raina kansa, don ni bakina ba shi da linzami. Na kori ƙarti a kan dokar nan, ina kuma taƙama ba a taɓa ɗaukar kowa daga kan katifar atisayena zuwa asibiti ba.

Dogo, ƙanen matata, shi ya fi kowa shan faɗa. Hannu gare shi kamar filaya, in ya riƙe mutum mantawa yake. Sai na tasa shi a gaba. Ya maƙure ni, in bubbuga, ya saki, mu sake daga farko. Haka na yi ta yi masa har abin ya bi jikinsa. Ko a hanya ka daddaɓa masa hannu, sai ya zubar da ledar da yake riƙe da ita. Mu yi ta dariya, ina cewa, "Kun ga ɗalibi na gaske!"

Dogo gadi yake yi a wani kantin wayoyi. Da rana tsaka wani ya faɗo musu da wuƙa. Dogo ya zagaya ta bayansa ya maƙure shi daidai yadda na koya masa. Mai kantin ya ce har idon ɓarawon ya fara juyewa. Sai mutumin, don neman numfashi kawai, ya shiga dukan hannun Dogo da tafinsa. Dogo ya saki. Wuƙar ta sauka sama da wuyan hannunsa na dama, ta yanke jijiyoyin yatsu.

Likita ya ɗinke, ya ce ko yatsun za su sake riƙo, sai dai a jira a gani. Matata ba ta ɗora min laifi ba. Wallahi da zagina ta yi, da ya fi min sauƙi. Na yi ta ƙirƙiro uzuri don kada in je asibitin, har ranar da ta ajiye min abinci ta ce, "Yana tambayarka fa."

Na same shi a zaune, wata ma'aikaciya ta sa masa ƙwallon roba a tafi tana cewa ya matsa. Ƙwallon ta gangara ƙarƙashin gado.

"A'a, Yaya!" in ji shi. "Ashe kana gari? Na zaci kai aka caka wa wuƙar."

Ban iya dariya ba. Na ce, "Dogo, na koya maka riƙo, na koya maka saki. Ban taɓa buɗe baki na ce maka a waje ba a saki ba. Ko sau ɗaya."

"To yanzu ai ka faɗa. Kawo hannunka, ƙwallon nan ta raina ni. Kai ka saba shan matsata."

Na miƙa masa. Yatsunsa suka kwanta a wuyan hannuna, sanyi ƙalau, ba motsi. Ya cije leɓe, gumi ya keto masa. Can sai na ji babban yatsan ya danna, sauran suka biyo a hankali, suna rawa, har suka zagaye hannuna. Riƙo ne, riƙo na gaske! Ma'aikaciyar ta ce, "Yauwa! Kada ka saki, riƙe da kyau!"

Murna ta ɗebe ni, hawaye ya cika min ido. Ban san lokacin da na kai ɗaya hannun na bubbuga masa dantse ba, ina cewa, "Madalla, Dogo, madalla!"

Yatsun suka buɗe nan take.

Ya dubi hannunsa, ya dube ni, ya yi ɗan murmushi.

"Ka gani, Yaya? Ban karya maka doka ba."