Dogon Gida a Duwatsun Baha

Shatu na cusa barguna a bayan mota lokacin da wata farar jif ta tsaya a bakin layinsu na unguwar Waziriyya a Jidda. Mijinta Muktar ya ɗago daga duba taya, nan take ya gane mai fitowa. Abdulelah ne, ɗan tsohon da ya sayar musu da gida a duwatsun Baha, can kudu da Jidda.

Ranar da suka fara ganin gidan, kango ne. Dogon ginin dutse, ɗakuna a jere ƙarƙashin rufi ɗaya, gefe guda na mutane, ɗayan na dabbobi. Rabin rufin ya rufta, birai sun mai da sauran wurin kwana. Dangi suka yi ta dariya, wai mutum ya yi ritaya daga aikin kamfani a Madinar Masana'antu ta Jidda, maimakon ya huta ya je ya sayi tulin duwatsu. Muktar ya ɗauko magina suka ta da bangon da duwatsunsa na asali. Shatu kuwa ita ta yi yaɓen ciki da hannunta, ta shafe da farar ƙasa yadda ta ga kakarta na yi, har tafukanta suka tsattsage. Bana ne za su fara gudun zafin Jidda su yi hutu a can.

Muktar ya kai baƙon falo. Shatu ta aika da gahawa da dabino, ta tsaya a bayan labule.

"Ya Abu Bilal," in ji Abdulelah, "hotunan da 'yarku Rahma ta sa a waya sun kai ga babana. Tun ranar ba shi da zance sai na gidan da aka haife shi. Wallahi har kuka ya yi. Ina da sabon gida a unguwar Safa nan Jidda, hawa na biyu, da lif da komai. Ku karɓa, ku mayar mana da namu."

Muktar ya dubi labulen. Tun suna amarci Shatu ke mafarkin Safa. Ga ciwon gwiwa yanzu, ga matakalar gidan nan da take hawa tana hutawa.

"Maganar ba a hannuna take ba," ya ce. "Ummu Bilal, kin ji."

Shatu ta dubi hannayenta. Ta tuna safiyar da ta buɗe tagar katako bayan an gama rufi, hazo ya shigo har tsakar ɗaki.

"Allah ya ƙara wa Baba lafiya," ta ce daga bayan labulen. "Amma lokacin da ruwa ke zuba a ɗakunan nan, ba wanda ya zo. Mu muka tashe shi. Ba na sayarwa ba ne, ba na musaya ba. Halas, magana ta ƙare."

Abdulelah ya ajiye kofinsa a hankali. "Gaskiyarki ce, ya Ummu Bilal. Ban san dai me zan gaya masa ba."

"A wane ɗaki aka haife shi?" in ji Shatu.

"Na gabas, mai murhu."

Nan ne ɗakin da ta fi ƙawatawa, wanda ta ware wa kanta da Muktar.

"To ka gaya masa Shatu na gayyatarsa. Ka kawo shi ranar Juma'a, ya zauna iya son ransa. Ɗakin gabas nasa ne muddin yana raye. Amma baƙona ne."

Da Abdulelah ya tashi, sai ya sumbaci kan Muktar, ya fita yana share ido da gefen rawaninsa.

Bayan jif ɗin ta wuce, Muktar ya ce, "Safa fa, Hajiya?"

"Safa ai kowa na iya shiga." Ta gyara mayafinta. "Yalla, hau ka sauko da katifar nan mai laushi. Tsoho ba zai kwana a ƙasa a gidana ba."