Abin da Ban Faɗa wa Penivao Ba

…kuma ka ƙulle kayanka cikin leda, Penivao, don kwalekwalen da ke sauke mutane daga babban jirgi ba ya ratsa duwatsun murjani sai ruwa ya jiƙa kowa. Na faɗa maka ko ban faɗa ba? Na faɗa. Ga ni zaune kan kututturen kwakwa tun hantsi, ga jirgin can ya tsaya bayan duwatsu, ƙafafuna sun yi tsami.

Shekara goma sha ɗaya kana yankan nama a ƙasar waje, can birnin Okland. Ka manta hanyar gidan ubanka, sai ni da ban gama aji uku ba na koya maka ta waya. Jirgin sama daga Fiji ba kullum yake zuwa babban birninmu Funafuti ba, ka kama kujera da wuri. Kada ka cika kaya, a can har mutum aunawa suke kamar buhun shinkafa. In ka sauka, kada ka yarda da takardar da suka manna ta lokutan jirgin ruwa. Jirgin tsibirinmu Nanumea ranar da ya ga dama yake tashi. Ka je tashar da ƙafarka, safe da yamma, ka tambayi masu dako. Ka taho da ruwan sha. Kada ka shigo mana da ɗan guntun wando, matan coci su samu abin taunawa…

"To Mama. To Mama. Baba fa?"

"Yana barci."

Ƙarya na yi? Barci yake.

Kwana goma sha biyu yau. Ranar kana Fiji kana jiran kujera. Tari biyu ubanka Lotoala ya yi, ya nemi ruwan kwakwa, kafin in fasa… Nan ba mu da ɗakin sanyi na ajiye gawa, rana ba ta jiran ɗan kowa. Washegari muka binne shi a ƙofar gida, inda yake zama yana ɗinkin taru. Ni na zaɓi wurin.

Teagai, ƙanwarsa, da bakinta kamar tsagar kwalekwale: "Yaya Selepa, ki ji tsoron Allah, ki gaya wa yaron nan!" Na ce duk wadda ta sa maganar a waya, ni da ita ne har a gaban fasto. Tsibiri guda ya kame baki. Sun san ni.

Da na faɗa maka fa? Na san cikin da na haifa. Ka yi kuka a Fiji, ka ce hutun aiki kaɗan ne, ka juya. Ka turo hoton furanni. Ni kuma in zauna da kabari a ƙofa, in yi ta share masa ganye har nawa ya… Wa zai hau ya sauko mini da kwakwa? A'a. Ba kwakwar ba ce. Fuskarka ce, ɗan nan. So nake in ganta sau ɗaya da idona, ba a gilashin waya ba.

Ga kwalekwalen ya taso. Ɗaya, biyu… mai farar riga. Ya yi ƙiba. Wuyan ubansa ne sak, har yadda yake karkatar da kai. Me ya rungume a ƙirji? Leda. Ya ji magana. Tabarau ne a ciki, na sani, da maganin tarin da na ce Baba na jira. Ni da bakina na ce yana jira.

Daga nan zuwa gida taku nawa ne? Coci, tankin ruwa, gidan Teagai, sai kwana. Daga kwanar ana hango farin yashin da muka zuba a kan kabarin, da furannin roba. Zai gani tun kafin in faɗa.

Ranakun jirgi na faɗa maka, leda, ruwa, wando… duk hanyar na shimfiɗa maka tun daga Okland har bakin yashin nan. Ɗan guntun da ya rage ne ban san yadda ake bi ba.

Yana ɗago mini hannu. Yana dariya. Yana leƙen bayana, yana neman wani.

Tashi, Selepa. Tashi mana…