Mai Bin Jiniya na Maamobi

"Wannan ba na wuta ba ne," in ji Baba Waris, ya ɗaga yatsa sama, kofin koko a ɗaya hannun. "Saurara, Sahada. Na asibiti ne. Daga Kanda ya taso, Alajo ya nufa."

Sahadatu ba ta ɗago kai daga kaskon ƙosai ba. Ita dai jiniya ta ji can nesa, cikin hayaniyar motocin haya na trotro da ihun yaran mota masu kiran fasinjan Circle, kuma a kunnenta duk jiniya ɗaya ce.

"To, Allah ya ba mai ciwon lafiya. Baba, sha kokonka zai huce."

Ina! Ya riga ya aje kofin a kan benci. Ya zaro wayarsa daga aljihun riga, ya kawo ta dab da baki kamar mai raɗa. "Bashiru, motar asibiti zai wuce gabanka yanzu-yanzu. Duba mini inda ya shiga." Sannan ya buɗe ɗan littafin da ba ya rabuwa da shi, ya kalli agogo, ya rubuta.

Shekara ashirin da uku suna gida ɗaya a wani lungu na Maamobi, ƙofar ɗakinsa na kallon tata. Da ta tare a gidan tana amarya, shi mai gyaran rediyo ne a bakin titin Nima. Mahaifinsa ɗan sanda ne tun zamanin Turawa, a bariki ya tashi, yana jin muryoyi na fita daga akwatin ofishin sadarwa. Abin ya shiga ransa bai fita ba. Da ya girma ya sayi wani baƙin rediyo a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa a Tema, irin wanda ke kama maganar 'yan kashe gobara da motocin asibiti. Tun daga nan kunnensa na jikin rediyon. In aka kira wuta a kasuwar Makola, kafin hayaƙi ya tashi sama Baba Waris ya sani. Ya rufe shago, ya hau trotro, ya je ya tsaya gefe da littafinsa: ƙarfe nawa aka kira, ƙarfe nawa mota ta iso, ta wace hanya ta bi. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa neman ganin littattafan.

Mutanen lungu sun daɗe suna yi masa dariya, har da Sahadatu. Sai ranar da tukunyar gas ta kama a ɗakin girkin gidan, 'yarta Nasira na barci a ɗakin da ke manne da shi. Baba Waris ya ji a rediyo motar wuta ta doshi gadar babbar kwata, inda ko amalanke da ƙyar take wucewa. Ya fita a guje ba takalmi, ya tare ta a babban titi, ya maƙale a ƙofarta yana nuna hanya har bayan gidan. Katanga ɗaya ce ta ƙone. Tun daga ranar Sahadatu ba ta sake yi masa dariya ba, kuma kwanon tuwonsa bai taɓa fashi ba, musamman bayan rasuwar matarsa.

Shekara huɗu da suka wuce, wata safiya, rediyon ya daina magana. Sai wani ƙara kawai, kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Ya kwance shi, ya sauya wayoyi, ya hau rufin kwano ya ƙara wa eriya tsawo da sandar gora. Wata guda yana fama. A ƙarshe wani tsohon ɗan kashe gobara da suke sallah tare ya ce masa, "Waris, kada ka wahal da kanka. Sun sauya na zamani. Maganar a kulle take fita, sai wanda ke riƙe da irin nasu zai ji."

Sati guda bai fito benci ba. Sahadatu ta riƙa kai masa koko ɗaki, ta tarar da shi zaune ya zuba wa rediyon ido.

"Shekara arba'in ina jinsu, Sahada," ya ce mata. "Na san mai tari, na san mai saurin fushi. Akwai wata yarinya, in ta kira wuta sai ta ce Allah ya tsare. Ko sallama ba mu yi ba."

Ta ce a ranta tsohon nan ya kwanta ke nan. Ashe ba ta gama saninsa ba. Ya fito ya koma aiki da kunnensa da ƙaramar waya. Ya haɗa mutanensa: Bashiru mai okada a mahaɗar Alajo, wata mai lemu a Kasuwar Malam Atta, wani maigadi a Makola. Kowa ya ga mota mai jiniya sai ya aiko masa da murya. Labari yakan iso a makare, wani lokacin ma ba daidai ba, ya je ya tarar har an naɗe tiyo. Duk da haka yana rubutawa.

Wata ranar Alhamis, bayan Azahar, ta ɗauki kwanon tuwo ta yi sallama a ƙofarsa. Shiru. Ta ɗaga labule. Yana zaune a ƙasa, ya jingina da gado, hannu dafe da ƙirji, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf.

"Innalillahi! Baba! Bari in kira taksi."

"Taksi ba shi da iskar numfashi," ya ce da ƙyar. "Kira motar asibiti."

Ta danna lambar. Wata mata ta ɗauka tana tambayar adireshi. Sahadatu ta rasa ta ina za ta fara, lungunsu ba shi da sunan da baƙo zai gane. Baba ya ja gefen zaninta.

"Ce musu kada su bi ta gada. Su hau ta masallaci mai koren ƙofa. Su tsaya gaban mai aski. Daga nan sai ƙafa." Ya numfasa. "Ƙarfe nawa?"

"Baba, don Allah!"

"Duba dai."

"Biyu da minti goma."

"Yoo. Riƙe a kanki."

Ta yi kururuwa, gidan ya cika. Wata ta kawo ruwa, wata ta kama yi masa fifita da murfin kwali. Maza biyu suka ɗora shi a kujerar roba suka ɗauka, suna tsallake kwata, suna karkatawa a inda lungun ya matse. Suna tsakiyar hanya ya buɗe ido.

"Ga shi nan," ya ce.

Ba wanda ya ji komai. Sai da suka kusa shagon mai aski sannan jiniyar ta iso kunnen sauran.

Ma'aikacin da ya sauko daga bayan motar ba zai wuce shekara arba'in ba, an rubuta Zakaria a ƙirjin rigarsa. Ya sa wa Baba robar iska a hanci da baki, ya kalle shi da kyau, sai ya juya harshe zuwa Hausa.

"Baba, ba kai ne mai tsayawa gefen titi da littafi ba? Tun ina sabon shiga nike ganinka. Ikon Allah, yau kai ne a ciki."

Sahadatu ta shiga ta zauna a ɗan bencin gefe, ta riƙe hularsa da ta faɗi. Mota ta tashi, jiniya na kuka a saman kansu. Zakaria ya ciro wani ɗan rediyo daga kafaɗarsa, ya danna, ya yi magana da Turanci: namiji, shekara saba'in, ciwon ƙirji, daga Maamobi. Wata murya ta amsa, tas, kamar mai maganar na zaune tare da su.

Baba Waris ya juyo da kai. Ya ɗaga hannu ya ture robar daga bakinsa.

"Saba'in da shida. Faɗa musu daidai."

Zakaria ya yi ɗan murmushi, ya sake dannawa ya gyara. Muryar ta maimaita: saba'in da shida.

"Ɗana, kawo shi kusa."

Zakaria ya dubi Sahadatu. Ta gyaɗa masa kai, hawaye na zuba. Ya mayar da robar, ya aje rediyon a kan matashi, dab da kunnen tsohon. Muryoyi suka yi ta shigowa. Ana neman mota a Kotobabi, mace na naƙuda. Wata motar ta ce ta isa asibiti. Wani ya yi tari kafin ya ba da amsa. Sahadatu ta ga goshin Baba ya saki, kamar ranar da aka ce masa an sami jika a Kumasi. Leɓunansa na motsi a ƙarƙashin robar. Ta sunkuya, ta ɗauka lissafin lokaci yake yi. Kalmar shahada ce. Ta kama masa, suka yi tare sau biyu. Na ukun ita kaɗai ta ƙarasa.

Zakaria ya yi wa direba tsawa ya ƙara wuta, ya durƙusa yana danna ƙirjin da hannu biyu, yana ƙirgawa, har suka shiga ƙofar asibiti. Likita ya hau motar, ya duba ido, ya sa abin sauraro ya daɗe. Sannan ya sauke shi a hankali ya tambayi wace ce tasa.

"Ni ce," in ji Sahadatu. "Maƙwabciya. 'Yarsa na Kumasi, zan kira ta."

Aka ja farin mayafi aka rufe shi. Direba ya tafi neman masu gadon turawa. Rana ta ɗan karkata, tana shigowa ta ƙofar motar da aka bari a buɗe. Rediyon na nan a kan matashi, rabinsa a ƙarƙashin mayafin, ana ta magana ƙasa-ƙasa. Zakaria ya share gumi da bayan hannu, ya miƙa zai ɗauka.

"Ɗan bar masa," ta ce. "Har su zo."

Ya janye hannun, ya zauna a matakalar motar ya ba su baya. Can cikin rediyon wani ya sanar cewa matar Kotobabi ta sauka a hanya, mace ta haifa.