Farcen Ikilima

"Ƙara masa girma, Sakinatu, idona ba ya gani," in ji Inna Hure, ta ture tiren gyaɗar irin da take ɓarewa gefe guda.

Sakinatu ta sa yatsu biyu ta buɗe hoton a kan wayar. Ga ƙanwarta Ikilima zaune a wani ɗan tebur a bakin titi a Lisbon, babban birnin ƙasar Fotugal, da faranti a gabanta an jera ƙananan kifaye gasassu, kawunansu duk suna kallon gefe ɗaya.

Sauda, autar gidan, ta leƙo ta saman kafaɗarta. "Kai! Ko kan ba su cire ba."

"Babu yaji, babu ƙuli, babu ko ɗan manja," in ji Inna. "Haka Turawa suke cin abu salam? Shi ya sa ba su da jini a jika. Karanta min abin da ta ce."

Sakinatu ta karanta. Ikilima ta ce yau Hajiyar da take yi wa aiki ta fita da su yawon buɗe ido. Sun hau wani ɗan jirgin ƙasa rawaya mai bin tsakiyar gari yana hawa tudu, sun ga wata tsohuwar ganuwa a saman dutse, sun ci kifi. Lafiyarta ƙalau. A ƙarshe ta rubuta, kamar yadda ta rubuta a saƙonnin baya-bayan nan duka: "Ku bar Sauda ta zo."

"Ina nan tafe, Yaya Ikilima," in ji Sauda, ta yi juyi a tsakar gida har ta razana kaji.

Da kaka Ikilima ta tafi, ana cikin ɗaurin gero. Alhaji Sama'ilu, ɗan garin nan da yake zaune a Kano, shi ya samo mata aikin raino a gidan wata Hajiya a can Lisbon. A makon farko sun ji muryarta sau biyu. Daga nan sai hoto da rubutu, duk ranar Lahadi. Alhaji ya ce dokar gidan ce, Hajiya ba ta son 'yan aiki su riƙa hira a waya. Yanzu ga shi har ruwan shuka ya sauka.

Akwai hoto na biyu. A wannan Ikilima ta miƙo hannu kusa da mai ɗauka, tana riƙe da wani ɗan abu kamar waina, tsakiyarsa rawaya, samansa ya ɗan ƙone.

"Wannan kam waina ce ta sha wuta," in ji Inna. "Wa ya soya musu?"

Sakinatu ta ƙura wa hoton ido. Ba wainar take kallo ba. Farcen Ikilima ja ne jawur, tun daga baki har gindi, babu ko siririn farin da yake fitowa idan farce ya fara tsiro.

Ita ta ƙunsa mata wannan lallen, jajiberen tafiya. Kwano ɗaya suka yi amfani da shi su biyu. Ta juya nata hannun ta duba. Ko alamar ja babu, tun kafin azumi ta yanke na ƙarshe.

Ta tashi ta shiga ɗaki kamar za ta ɗauko wani abu. Ta zauna a bakin gado ta koma farkon hotunan, tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ikilima a bakin wani kogi mai faɗi, doguwar gada ja a bayanta. Ikilima da takarda an naɗe ta kamar mazurari, cike da wasu 'ya'yan itace gasassu masu kama da gurjiya. Ikilima a gaban wani gini mai bango shuɗi da fari. Gyale yana canzawa, riga tana canzawa. Farcen bai canza ba.

Ta gaya wa kanta ko ta samu lalle a can ta sake yi. Sai ta ƙara girman hoton yau. A bayan babban yatsan dama akwai wani ɗan tabo karkatacce, inda ledar ta zame a daren ƙunshin saboda Ikilima ta matsa sai ta sosa hanci. Sun yi ta dariya a kansa da safe. Lallen fata ba ya wuce 'yan makonni. Tabon yana nan a hoton yau, da duhunsa, kamar jiya aka wanke.

Duk hotunan nan a makon farko aka ɗauke su. Wani ne yake tsakuro musu kaɗan-kaɗan.

Ta danna lambar Ikilima. Ta yi ƙara sau biyu aka katse. Nan da nan rubutu ya shigo: "Ina aiki."

Baba, Malam Hadi, yana zaure yana ɗora wa fartanya sabuwar ƙota. Sakinatu ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ita ba mai yawan magana ba ce, ko a makarantar 'yan matan da take koyarwa a Ɗanbatta an san ta da haka. Ta yi masa bayani a hankali, ta miƙa masa wayar. Ya riƙe ta nesa da fuskarsa ya daɗe yana kallo.

"Lalle," ya ce. "A kan lalle zan tari Alhaji Sama'ilu in ce masa maƙaryaci?"

"Baba, a ce ta yi mana magana da bakinta. Ko sallama ce kawai."

"Kin kira ta?"

"Na kira. An katse, an rubuto wai tana aiki."

"To, kin ji. Tana aiki." Ya miƙo mata wayar, amma bai sake ta da wuri ba. Ya koma kan fartanyarsa yana buga ƙotar da ƙasa, ko da yake ta riga ta zauna. "Gobe da safe Alhaji zai zo ya kai Sauda Kano, ofishin fasfo, a ɗauki hotonta da zanen yatsunta. A gaban liman na amsa masa. Ki daina tsorata uwarki da maganar mata."

Da ta koma cikin gida, Inna ta ɗaga kai ta dube ta. Sakinatu ta zauna kusa da ita, ta buɗe hoton wainar, ta ajiye nata hannun kusa da wayar. Inna ta dubi hoton, ta dubi hannun, ta sake duban hoton. Gyaɗar da take tsakanin yatsunta ta faɗi ta gangara, kaza ta ɗauke, ba ta kore ta ba.

Sakinatu ta tuna ɗalibanta na bara, da aka kai su rajistar jarrabawa bayan wani biki. Na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi karɓar duk wadda ta yi ƙunshi. Aka ce su koma gida sai lallen ya fita.

"Inna, akwai sauran garin lalle?"

"Yana cikin tukunyar bayan ƙofa."

Bayan la'asar ta kwaɓa shi da kauri, ta matsa lemon tsami a ciki don ya kama sosai. Ta shimfiɗa tabarma ta kira Sauda.

"Yaya, ba biki ba salla?"

"Haka za ki shiga birni da hannu fari fat kamar mai wankau? A ce daga wane gida kika fito?"

Sauda ta yi dariya ta miƙo hannu. "Ki yi min irin na Yaya Ikilima. In na je mu jera hannu a hoto."

Inna ce ta riƙe mata wuyan hannun. Ta riƙe da ƙarfi har Sauda ta ce, "Inna, za ki karya ni."

"Cika kan yatsun, Sakinatu," in ji Inna. "Ta ciki ma. Kada ki bar wuri."

Da safe hadari ya haɗo ta gabas, iska tana kaɗa ƙananan ganyen geron da ya fara tsirowa a gonakin bayan gida. Motar Alhaji Sama'ilu ta tsaya a ƙofar gida. Ya shigo har tsakar gida tare da Baba, da farar shadda da ledar burodi a hannu, ƙanshin turarensa ya riga shi isowa. Ya gaida Inna da ladabi, ya tambayi gona, ya tambayi ƙafarta da take ciwo.

"Ina 'yar Turai? A fito, kada ruwa ya tare mu a hanya."

Sauda ta fito da sabon hijabi, ta durƙusa ta sa hannu biyu za ta karɓi ledar. Yatsunta sun yi ja har sun koma baƙi-baƙi.

Alhaji bai saki ledar ba. Ya dubi yatsun, ya ce ta juya hannun, ta juya.

"Yau kam babu tafiya, Malam," ya ce. "Na'ura ba za ta karɓi wannan ba."

Baba ya juyo ya dubi Sakinatu. Ta sunkuyar da kai, tana jiran faɗa. Bai yi ba. Ya ce, "Ikon Allah. Sha'anin mata ke nan, Alhaji, a yi haƙuri."

"Ba komai. Lalle ai fita yake yi. Zan jira." Ya yi murmushi. "Wa ya ƙunsa mata? Ya kama da kyau."

"Yaya Sakinatu ce," in ji Sauda, kamar za ta yi kuka.

"Malama ce?" Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ta, karo na farko tun da take ganinsa a gidan nan. "Na Ikilima ma ke kika yi, ko?"

"Ni ce."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya yi sallama, Baba ya raka shi. Suna jin motar ta tashi, ƙararta ta yi nisa ta hanyar Ɗanbatta. Sauda ta shige ɗaki ta bugo ƙofa.

An fara yayyafi lokacin da wayar ta yi motsi a hannun Sakinatu. Yau Litinin, ba ranar saƙo ba ce. Hoto ne: Ikilima a wani teburin, tana murmushi, hasken rana a fuskarta. An yanke hoton daidai kafaɗarta, ba a ganin hannunta. A ƙasa an rubuta: "Me ya hana Sauda zuwa?"

"Me ta ce?" in ji Inna.

Sakinatu ta dubi ƙofar zaure, inda Baba ya dawo ya tsaya, ruwa yana ɗiga a kan hularsa. Ta wuce ta gaban Inna, ta taka tsakar gida cikin yayyafin, ta miƙa masa wayar.