Kwamfutar Auta

Kwamfutar sabuwa ce fil, ko ledar murfinta Auta ba ta ɓare ba, amma in an kunna ta sai ka rantse tsohuwa aka tasa daga barci. Ta yi ta ƙugi a ciki, wani ɗan zobe yana kewaya a fuskarta. A wannan jiran ne Auta kan bar ta a tebur ta leƙo ɗakin ɗinki, ta zauna kan buhun ƙyallaye tana zura wa babanta zare a allura, tana ba shi labarin da bai tambaya ba. Baban nata, Tela, ba ya tanka mata, sai dai ya sassauta taka keken don ya ji ta sosai. Yayyenta aiki ya kwashe su nesa, uwarsu ta rasu, gidan daga shi sai ita.

Yanzu ita ma ta nemi gurbin karatu a wata ƙasa. Jarrabawar shiga jibi ce, a kan wannan na'urar da ta yi rajista da ita za a yi, kuma lokaci na cika shafin zai rufe. Da ta yi gwaji, kwamfutar ta sandare a tsakiyar tambayoyi.

"Baba, don Allah kai ta wurin abokinka. In ta yi mini haka jibi, shi ke nan sai baɗi."

Shagon abokin a ƙarƙashin matakala yake, ga ƙaurin dalma, ga fanka mai rawar wuya. Kowa Injiniya yake ce masa.

"A'a, Tela da kwamfuta? Ko da ita ake yanka wando yanzu?"

"Ta Auta ce. Ba ta da sauri."

Injiniya ya kifa ta, ya kwance murfin baya, ya nuna wani ɗan akwati da tsinin sukuddireba. "Ga mai laifin. Faifan ajiya irin na da suka sa mata, mai juyawa. Akwai sabon samfuri, Es-es-di, ba abin da ke juyi a cikinsa. In na kwashe kayanta na zuba a ciki, kafin ka gyara zama ta buɗe." Ya dubi tulin aikin da ke gabansa. "Da gaggawa ne? In ba gaggawa, bar ta sai mako mai zuwa."

Tela ya ji bakinsa ya ce, "Ba gaggawa."

Ya fito titi, rana tana dukan kansa. Ya lissafa abin da zai gaya mata: na kai, na tarar aiki ya yi masa yawa, ya ce sai mako mai zuwa. Babu kalmar da ba gaskiya ba ce a ciki. Shekara ɗaya kuwa ai ba mutuwa ba ce. Za ta yi kuka, ta ƙi cin abinci, daga baya ta haƙura. Shi da ya saki manyan bai ce uffan ba, in ya riƙe ɗaya ya yi zalunci?

A bakin mararraba ya tsaya, motoci suna wucewa. Ya san Auta. Za ta share hawaye ta ce, "Sannu da wahala, Baba." Za ta ci gaba da leƙowa, ta zauna kan buhun nan tana ba shi labari, ba ta san da wa take zaune ba. Hirar da yake so kenan, zai kuma same ta kullum, amma ya kasa hango yadda zai ɗaga kai ya dube ta.

Ya juya ya koma shagon.

"Jarrabawarta jibi ce."

Injiniya ya dube shi ta saman tabarau. "Jibi shi ne ba gaggawa? Tsufa ya fara taɓa ka, Tela."

"Ya fara."

Injiniya ya ture aikin da ke hannunsa, ya jawo kwamfutar. Sai da ya fara kwance faifan sannan ya ce, bai ɗago ba, "Ita ma tafiya za ta yi?"

"In ta ci."

"To zauna, kada ka tsaya mini a kai."

Da la'asar Tela ya miƙa wa Auta kwamfutar. Ta danna maɓalli, fuskar ta haska nan take.

"Baba! Kamar ba ita ba!"

Ya tsaya a bayanta, hannunsa a kan kujera. Can ya jawo wata ya zauna kusa da ita, ya ciro wayarsa mai tsagaggen gilashi.

"Nuna mini inda ake latsawa in mutum yana son ganin fuskar wanda ke nesa. Yayyenki sun sha nuna mini, ban mai da hankali ba."

"Haba Baba, ai ban ci ba tukuna."

"Za ki ci. Yi a hankali dai, kin san kan nawa ba sabon samfuri ba ne."

Ta yi dariya, ta kama yatsansa ta ɗora a kan gilashin.